Ƙidayar Ambato da Darajar Masanin Ciwon Hanta

Kusan duk shekara, wajen ƙarshen damina, wani dogon jerin sunaye kan fito wanda aka fi sani da jerin Stanford. A cikinsa ake tattara masu binciken da suka shiga kashi 2 cikin 100 na waɗanda aka fi ambaton ayyukansu a fagensu. Da zarar ya fito sai hotuna su cika wayoyi daga Ngaundere har Kusiri: farfesa wane ya shiga, dakta wance ta shiga, Allah Ya ƙara ɗaukaka. Murnar ta dace, domin ba da barci ake shiga jerin ba. Amma in ka tambayi mai tura hoton me aka ƙirga har aka ce wannan ya fi wancan, da wuya ka sami amsa. A fagen ciwon hanta kuwa, ciwon da ke ɗauke mana samari da magidanta a arewacin Kamaru da Cadi, bai kamata a bar wa 'yan jami'a wannan ƙidaya su kaɗai ba. Da ita ake raba kuɗin bincike, da ita ake ƙara wa malami girma, ita ce kuma ke nuna wa matashin likita cutar da zai ba wa ƙuruciyarsa in yana son a san da shi.

Tushen abin ba shi da wuya. Mai bincike in ya gama aiki yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar kimiyya, wasu masana su tantance, a buga. A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su. Duk sanda wata maƙala ta fito a irin wannan jeri, an ambace ta sau ɗaya ke nan. Wanda ya taɓa zama a zauren karatu ya san tsarin: malami ba ya kawo mas'ala sai ya jingina ta ga wanda ya faɗe ta, kuma malamin da ake yawan jin "in ji shi" a zaure bayan zaure, kowa ya san ba ƙaramin malami ba ne. Abin da wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya yi a 1964 shi ne ya fara fitar da kundin da ke tattara waɗannan jingine-jingine, ta yadda za a iya ƙirga su. Daga wannan kundi aka sami rumbun da yau ake kira Web of Science. A 2004 kuma Scopus da Google Scholar suka fito. Ukun nan ba sa ba da lamba ɗaya ga mutum ɗaya. Google Scholar na kwasar kusan komai, har da kundin digiri da rahotanni, don haka lambarsa kan fi kumbura. Sauran biyun mujallun da suka zaɓa kaɗai suke dubawa. Jerin Stanford, wanda John Ioannidis da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2019, da bayanan Scopus ake haɗa shi.

A 2005 wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira ma'aunin H, domin a haɗa yawan rubutu da yawan ambato a lamba guda. In an ce ma'aunin mutum 20 ne, yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce sau 20 ko fiye. A ɗauka akwai likitoci biyu. Na farko ya rubuta maƙaloli 5 kacal, amma ɗaya daga ciki ta canza yadda ake yi wa jarirai rigakafi, an ambace ta sau 3,000. Komai ƙarfin wannan maƙala, ma'auninsa ba zai wuce 5 ba. Na biyu ya rubuta 60, ba wadda ta girgiza kowa, amma 25 daga ciki an ambaci kowacce sau 25. Ma'auninsa 25 ne, ninki biyar na na farko. Haka kuma ma'aunin ba ya raguwa. Ko mutum ya ajiye alƙalami shekara goma, lambarsa na nan, har ma tana iya ci gaba da hawa. Shi ya sa gwada matashi da dattijo da wannan ma'auni zalunci ne ga matashin.

Akwai kuma lambar da ake ba mujalla kanta, wadda ke nuna matsakaicin yawan ambaton da maƙalolinta na shekaru biyu da suka wuce suka samu a wannan shekara. Manyan mujallun hanta na Turai da Amurka lambarsu na sama sosai; ta Journal of Hepatology ta haura 20 a shekarun nan. Sai dai lambar ta mujalla ce, ba ta kowace maƙala da ke ciki ba. 'Yan tsirarun maƙaloli ne ke jawo yawancin ambaton, sauran su raɓu da su. Wannan ne ya sa a 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna roƙon jami'o'i su daina auna mutum da lambar mujallar da ya yi rubutu a ciki.

Ba na cikin masu cewa ƙidayar banza ce. Akwai mutanen da lambarsu da darajarsu suka zo daidai, kuma a fagen hanta babu misalin da ya kai Sheila Sherlock. An haife ta a 1918, ta yi karatun likita a Edinbara, ta shiga nazarin hanta tun ba a ɗauke shi fanni mai zaman kansa ba. A 1955 ta fitar da littafinta kan cututtukan hanta da hanyoyin matsarmama, wanda aka yi ta sabuntawa bugu bayan bugu, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. A 1959 ta hau kujerar farfesan likitanci a asibitin Royal Free na Landan, mace ta farko da ta sami irin wannan kujera a Birtaniya. Kafin rasuwarta a 2001 ta rubuta maƙaloli sama da 600. Cikinsu akwai aikin 1965 da ya kawo gwajin jinin da ake gane wani ciwon ƙananan hanyoyin matsarmama da shi, da gwajin 1971 da ya nuna maganin prednisolone na tsawaita ran masu ciwon hantar da garkuwar jiki ke haddasawa. Duk wanda ya zo bayanta dole ya ambace ta, domin a kan tubalinta yake gini. Duk da haka, abin da ya fi girma a gadonta ba ya cikin kowane rumbu: likitocin da suka zo daga nahiyoyi daban-daban suka zauna a sashenta, suka koma ƙasashensu suka buɗe sassan hanta. Babu lambar da ke ƙirga ɗalibi.

Labarin Baruch Blumberg kuma na nuna yadda ƙidaya kan makara. Maƙalarsa ta 1965, wadda Harvey Alter na cikin marubutanta, ta ba da labarin wani sinadari da aka fara gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, kuma taken maƙalar a kan sankarar jini yake, ba hanta ba. Sai wajen 1967 da 1968 aka tabbatar sinadarin na ƙwayar ciwon hanta nau'in B ne. Daga nan aka sami gwajin tace jinin da ake ƙara wa marasa lafiya, aka sami allurar rigakafi, Blumberg ya karɓi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Da an auna maƙalar da ma'aunin shekara biyu, da ba a ga abin da ke cikinta ba.

Inda matsalar ta fi shafar mu shi ne nan. Ambato daga hannun marubuta yake fitowa, marubuta kuma sun fi yawa inda kuɗin bincike ya fi yawa. Saboda haka lambar masani na bin yawan masu rubutu a kan cutar da ya zaɓa, ba yawan waɗanda cutar ke kashewa ba. A Amurka da Turai, ciwon hantar da ya fi yawa a cikinsu yanzu shi ne na taruwar kitse, mai tafiya tare da ƙiba da ciwon suga. Dubban masu bincike na kansa, kamfanonin magani na zuba kuɗi. Maƙalar Zobair Younossi da abokansa ta 2016, wadda ta ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na manyan mutanen duniya na da wannan kitse, an ambace ta sau dubbai masu yawa, domin duk mai rubutu a fannin na buƙatar wannan adadi a sakin layinsa na farko. Aiki ne mai kyau, ba na ƙi. To amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna a 2022 mutum miliyan 254 na ɗauke da nau'in B, miliyan 50 na ɗauke da nau'in C, su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, kashi 83 cikin 100 na mace-macen daga nau'in B. Kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da nau'in B a yankin Afirka suke, inda jarirai 18 kacal cikin 100 ke samun allurar ranar haihuwa. Masu rubutu a kan nau'in B a Afirka ba su da yawa. Likitan da ya sadaukar da rayuwarsa ga wannan ciwo a Marwa ko Abeshe, ko da aikinsa ba shi da aibi, 'yan kaɗan ne za su ambace shi, don 'yan kaɗan ne ke fagen.

Kuma mu ne a tsakiyar wutar. Da aka gwada jinin da aka tara a babban binciken lafiyar al'umma na Kamaru na 2011, an sami kusan kashi 12 cikin 100 na manya na ɗauke da nau'in B. Yadda mutanenmu ke gano suna da shi ma abin tausayi ne. Mace na naƙuda ta zubar da jini, a ce 'yan uwa su kawo jini. Ƙanen miji, saurayi lafiyayye mai sana'ar babur, ya miƙa hannu. Bayan ɗan lokaci ma'aikacin ɗakin gwaji ya fito ya ja shi gefe ya ce, "Malam, jininka ba zai yi ba, a nemo wani." Sau da yawa maganar ke nan. Hankalin kowa na kan mai naƙuda, shi kuma ya koma gida da takarda a aljihu, ba ya jin ciwon komai, sai ya manta. In an yi sa'a a gaya masa ya je ya yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai babur. Shekara goma ko goma sha biyar sai ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Sai ciki ya kumbura, a ce sammu ne. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara masu sankarar hanta daga asibitocin ƙasashen Afirka tara har da Kamaru, ya nuna cewa in an cire Masar, rabin marasa lafiyar ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ciwon, kuma matsakaicin shekarunsu arba'in da wani abu ne. Ga kuma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, masu ɗauke da gubar aflatoksin, wadda in ta haɗu da nau'in B haɗarin sankarar ke ninkuwa.

Bayan ƙarancin masu ambato, akwai shingen harshe da na kuɗi. Likitocinmu da Faransanci suka yi karatu, da shi suke rubutu, kuma da yawa daga mujallun Faransanci na nahiyar nan ba sa cikin Scopus ko Web of Science. Maƙalar da ba ta cikin rumbun, a idon jerin Stanford tamkar ba a rubuta ta ba, ko da likitocin Garwa da Mundu sun karanta ta sun yi aiki da ita. Kundayen kammala karatun likita da ake rubutawa kowace shekara a Yawunde da Njamena, da yawansu a kan ciwon hanta a wani asibiti ko wani gari, galibi a kan kanta suke ƙarewa. In kuma mutum ya daure ya rubuta da Ingilishi, manyan mujallun da ke barin kowa ya karanta kyauta kan nemi marubuci ya biya dala dubu biyu, uku ko fiye. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, sama da sefa miliyan 6. Wasu na yafe wa ƙasashe matalauta, amma sai wanda ya san hanyar nema. Mujallu irin Pan African Medical Journal, wadda aka kafa a 2008 kuma take da ofishi a Kamaru, da rumbun AJOL mai tattara mujallun Afirka, sun rage wannan gibi. Ba su rufe shi ba.

Ta ɗaya gefen kuma, lamba na iya kumbura ba tare da aiki ya kumbura ba. Akwai manyan maƙalolin haɗin gwiwa, irin na ƙididdigar nauyin cututtuka a duniya da wata cibiya a Siyatil ke jagoranta, waɗanda ke ɗauke da sunayen marubuta ɗaruruwa. Kowace irin wannan maƙala kan sami ambato dubbai, kuma Google Scholar na rubuta wa kowane mai suna a ciki dukkan ambaton, wanda ya tsara aikin da wanda ya duba tebur ɗaya duk ɗaya. Akwai mai yawan ambaton kansa. Akwai abokan da ke yi wa juna ramuwar ambato. Akwai ma maƙalar da ake ambata don a ƙaryata ta: ta Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta wata allurar rigakafin yara da lalurar ƙwaƙwalwa, an janye ta a 2010, amma na'ura na ƙirga duk wanda ya ambace ta ko da zaginta ya yi. Jerin Stanford ya yi ƙoƙarin gyara wasu daga cikin waɗannan, yana duba matsayin suna a jerin marubuta, yana kuma ba da lamba da ambaton kai da wadda babu shi. Masu tura hoto ne ba sa kaiwa nan.

Matsayin suna ba ƙaramin abu ba ne. A al'adar rubutun likitanci, na farko shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin ya rubuta, na ƙarshe shi ne jagora, na tsakiya sun taimaka. In ka buɗe maƙalolin da aka yi da jinin mutanenmu, sau da yawa za ka tarar na farko da na ƙarshe suna Faransa ko Ingila, likitan da ya san marasa lafiyar da sunayensu yana tsakiya, ma'aikaciyar jinyar da ta bi gida-gida kuwa ko dai tana cikin godiya ko babu ita sam. Ba kullum mugunta ce ke kawo haka ba. Wanda ya nemo kuɗin shi ke da ɗakin gwaji, shi ke da lokacin zama ya yi rubutu, shi kuma likitanmu na duba marasa lafiya daga safe har la'asar. Amma sakamakon ɗaya ne: ambaton da ke jawo kuɗin bincike na gaba yana taruwa a wajen da kuɗin ya fito.

Ga wani aiki da ya kamata duk ɗan arewacin Kamaru ya sani. A Tokombere, can gindin duwatsun Mandara a Arewa Mai Nisa, asibitin garin ya fara gwada mata masu zuwa awo tun 2009, yana kuma yi wa jariran waɗanda aka samu da nau'in B allura da zarar an haife su. Kamaru ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara tun 2005, amma wannan allura sai jariri ya yi mako shida ake fara ta, alhali wanda ya kamu a wajen haihuwa ya riga ya kamu, kuma cikin jarirai goma da suka kamu a lokacin, kusan tara za su ɗauki cutar har girma. Daga 2009 zuwa 2016 an gwada mata sama da 22,000 a Tokombere, aka sami kashi 17.5 cikin 100 na ɗauke da ita. Daga baya aka bi sawun yara sama da 600, aka gwada su. Sakamakon ya fito a Lancet Global Health a 2022, Yusuke Shimakawa na Cibiyar Pasteur ta Faris ne marubuci na farko. An gano cewa ko a cikin yaran da aka yi wa allurar kafin cikar awa 24, kashi 5.6 cikin 100 sun kamu, kuma haɗarin ya taru ne a wajen iyaye mata masu ƙwayar cutar da yawa a jini. Abin da wannan ke nufi a ɗakin haihuwa a fili yake: allurar ranar haihuwa wajibi ce, jinkirta ta na ƙara haɗari, amma ita kaɗai ba ta isa ga wasu mata ba, sai an haɗa musu da maganin tenofovir a watannin ƙarshe na ciki, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020.

Wannan maƙala ba za ta taɓa kamo ƙafar ta kitsen hanta a yawan ambato ba. Amma ta amsa tambayar da aka daɗe ana amsawa da bayanan Asiya. Yawancin abin da duniya ta sani game da nau'in B daga can ya fito: binciken Palmer Beasley na 1981 a Taiwan, wanda ya bi maza 22,707 ya tabbatar da alaƙar cutar da sankarar hanta, da binciken REVEAL na 2006, shi ma a Taiwan, wanda ya nuna haɗarin na hawa da yawan ƙwayar cutar a jini. Ayyuka ne manya, sun cancanci duk ambaton da suka samu. Sai dai jinsin ƙwayar da ke yawo a nan ba shi ne na can ba, yadda take yaɗuwa tsakanin yara ma da bambanci. Kafin a sami shekaru takwas na rajistar awo a Tokombere, sai da wasu unguwarzoma da ma'aikatan jinya suka yi ta cika littafi da hannu, mace bayan mace, ba tare da sun san wata mujalla a Landan za ta buƙace shi ba. Ina ganin duk tsarin auna ilimin da bai iya ganin wannan aiki ba, da sauran gyara a gabansa.

Wani misalin shi ne na APRI, ma'aunin taurin hanta, wanda aka fitar a 2003 daga masu nau'in C a Mishigan. Lissafi ne da likita zai yi a bayan takardar magani: a raba sakamakon gwajin AST, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, da iyakarsa ta lafiya, a raba abin da aka samu da yawan ƙwayoyin jinin nan masu tsayar da zubar jini, a ninka da 100. In AST 80 ne, iyaka 40, ƙwayoyin 100, amsa 2 ce, alamar hanta ta yi tauri sosai. Ba a buƙatar ciro ɗan yankin hanta a duba, ba a buƙatar na'ura mai tsada. Wannan maƙala ta sami ambato dubbai, kuma ta cancanta. A 2018 kuma aka fitar da ma'aunin TREAT-B na masu nau'in B daga bayanan Gambiya, wanda da gwajin jini biyu masu sauƙi, HBeAg da ALT, yake nuna wanda ya kamata a sa a magani ba tare da gwajin yawan ƙwayar cuta ba. Irin waɗannan ayyuka da matsin lambar likitocin Afirka na cikin abin da ya sa a Maris 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, har APRI da ya haura 0.5 ya isa dalili. Ambato ɗaya a cikin irin wannan ƙa'ida ta duniya, ko a ƙa'idar ma'aikatar lafiya ta ƙasa, ya fi ambato ɗari a maƙalolin da ba wanda zai yi aiki da su, amma na'ura ɗaya take ƙirga shi, wani lokaci ma ba ta gan shi.

To, in an ajiye maka shafin wani masanin hanta, kada idonka ya tsaya a babbar lambar da ke sama. Sauka ka duba maƙalolinsa biyar ko goma da aka fi ambata. A nawa ne shi na farko ko na ƙarshe? Nawa ne bincike na asali da marasa lafiya, nawa ne sharhi kan ayyukan wasu, tunda sharhi ya fi saurin tara ambato? In ka cire maƙalolin marubuta ɗari biyar, me ya rage? Su wa ke ambatonsa, shi da ɗalibansa ne ko mutanen da bai taɓa gani ba? A gwada shi da sa'o'insa da ke fanni ɗaya da yanayi ɗaya, kada a gwada mai nau'in B a Sahel da mai kitsen hanta a Bostan. Sannan a tambayi abin da shafin ba ya nunawa, wato likitoci nawa ya horar, da ko akwai abin da ya canza a asibiti saboda aikinsa.

Wannan magana ta fi shafar masu yanke hukunci. Kamaru da Cadi duk suna cikin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da aka kafa a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, wadda jarrabawarta ke ba likita matsayin farfesa, kuma yawan maƙaloli da irin mujallun da suka fito a ciki na da nauyi a wajenta. Neman a yi rubutu a mujallun da aka tantance daidai ne. Aikin da ba a buga ba, ba mai iya duba shi balle ya gyara shi, kuma likitocinmu na da laifin barin bayanai masu daraja su ruɓe a kwali. Amma in adadi kawai aka sa a gaba, za a sami abin da aka saba samu: bincike ɗaya a yanka shi gida huɗu, ko a biya mujallun bogi masu buga komai cikin mako guda, ko a yi ta maimaita ƙidayar masu ɗauke da cutar cikin masu ba da jini a asibiti kaza, wadda an yi ta sau da yawa kuma amsarta ba ta canzawa. Jami'ar Garwa, da aka kafa a 2022 kuma take da tsangayar likitanci, tana da damar da tsofaffin jami'o'i suka rasa, domin yanzu take kafa al'adarta. Ga reshen Cibiyar Pasteur a garin, ga marasa lafiya daga Najeriya da Cadi na shigowa.

Tambayoyin da ke jiran amsa ba ɓoyayyu ba ne. Mata da yawa a ƙauyukanmu a gida suke haihuwa, to ta yaya allura za ta isa ga jariri cikin awa 24, wa zai kai ta, a cikin me za a ɗauke ta da zafin watan Afrilu? Wanda aka sa a tenofovir, magani na kullum har tsawon rai, mutum nawa ne ke ci gaba da sha bayan shekara biyu, me ke sa sauran su daina? Me jiƙe-jiƙen shawara ke yi wa hantar da ta riga ta raunana? A gabashin Cadi kuma ga nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwa, mai tsananin haɗari ga masu ciki, wanda ya ɓarke a Am Timan a 2016 ya sake ɓarkewa a 2024 a sansanonin 'yan gudun hijirar Sudan da ke yankin Wadai. Kowace daga cikin waɗannan na buƙatar shekaru na bin marasa lafiya, da rajista mai tsabta, da firjin da ba ya mutuwa, kuma ba wadda za ta kai mai yin ta jerin kashi 2 cikin 100 da wuri. Saboda haka ya rage wa ma'aikatun lafiya da na ilimi mai zurfi a Yawunde da Njamena su ware kuɗin irin wannan bincike daga aljihunsu, su sa shi cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, su kuma sa sharaɗi a duk yarjejeniyar haɗin gwiwa da cibiyoyin waje cewa likitan da ke riƙe da marasa lafiyar zai sami horo da lokacin da zai rubuta maƙalar da kansa, sunansa a farko.